Ginin da Aka Kore Wa Duhu

Ka taɓa ganin fitila ta kama da kanta, alhali babu wanda ya gifta?

Injiniya ya gani, a barandar gidansa, dab da magariba. Irin fitilar nan ce mai jin motsi, wadda ya jera a sabon ginin binciken da ya zana, ya kawo ɗaya gida don gwaji. Ginin kuwa abin alfaharinsa ne. Ya huda rufi ya saka gilashi, ya faɗaɗa tagogi, ya shafe bango da farin fenti, har rana ke haska wa masu gwaje-gwaje teburansu kyauta. Ko tsohon siton da ya tarar a wurin sai da ya fasa masa taga.

Fitilar ta kama, ta mutu, ta sake kamawa. Ya ɗora wa wayar wuta laifi. Da duwatsu suka fara sauka kan kwano, matarsa ta zargi yaran maƙwabta, shi ya zargi ɗan kwangilar da ya hana wa aikin. Sannan autarsu, mai surutu kamar rediyo, ta yi shiru. Ta koma bayan ƙofa, tana rufe fuska in an ɗaga labule.

Matar ce ta kira malam. Injiniya bai yarda da shi ba, ya tsaya yana lura da hannuwansa.

Karatu ya yi nisa, yarinyar ta ɗago. Muryar tsohuwa ce ta fito daga bakinta, malam ya tambaye ta abin da ya kawo ta.

"Tambayi mai biro," in ji ta, tana nuna Injiniya. "Siton nan gidana ne tun ba a haifi kakansa ba. Ya zuba mini rana a ka. In na motsa, fitila ta tona ni. Cikin yarinyar nan ne na samu inuwa."

Malam ya ce yarinya ba ta zana komai ba. Tsohuwar ta ce to a toshe tagogin ginin kakaf. Injiniya ya buɗe baki zai kawo lissafin wutar da za a sha, matarsa ta taka masa ƙafa.

"Baban auta, wutar ko 'yarka?"

Aka yi ta ciniki kamar a kasuwa. Daga gini duka aka sauko hawa ɗaya, daga hawa ɗaya aka tsaya a ƙarƙashin matakala.

"Ban da gilashi," in ji muryar, "ban da wannan magulmaciyar fitilar."

Injiniya ya amsa. Yarinyar ta sulale jikin uwarta, can ta nemi ruwa da muryarta.

Washegari ya toshe lungun da hannunsa. Da shugaban ginin ya tambaya, ya ce kuskuren zanensa ne. Har yau in auta ta yi shiru, sai ya duƙa ya leƙa idonta.

In aiki ya kai ka ginin, ka ga lungu ɗaya baƙi ƙirin, don Allah kada ka kira mai gyaran wuta. Yi sallama a hankali, ka wuce.