Ranar da Umma Ta Hau Bas ɗin Mawaƙa

Ranar da suka fara haɗuwa ko uffan ba ta iya ce masa ba, domin muryarta ta ɗauke.

Da hantsin wata Laraba ne wata doguwar bas, an ɗaure sifikoki a samanta, ta tsaya a ƙofar ƙaramin asibitin da yake aikin nas. Wata budurwa ta diro, wuyanta naɗe da gyale, yayanta na biye da ita yana faman bayani. Mawaƙiya ce, in ji shi, 'yan ƙungiyarsu Tartsatsi suke ce mata. Gari shida suka yi wasa cikin kwana takwas, kuma yau da yamma ga na bakwai.

Likita bai iso ba, don haka nas ɗin ya haska maƙogwaronta da 'yar tocila. Ya girgiza kai.

"Ya kumbura. Kwana uku ba waƙa, ba magana. Ko raɗa ban yarda ba."

Ta zaro waya, ta yi rubutu da sauri, ta kusa dangwara masa ita a hanci.

"Malam, jama'a na jirana. Ka yi min allura kawai."

"Babu allurar da za ta rera miki waƙa," ya ce. "In kika tilasta wa muryar nan yau, za ki iya rasa ta gaba ɗaya."

Ta sake rubutawa: "Kai da ganinka ba ka taɓa son wani abu a rayuwarka ba."

Ya karanta sau biyu, sannan ya ɗago ya dube ta sosai. Idanunta sun yi ja don rashin barci, amma ko ƙiftawa ba ta yi.

"Har zuwa ɗazu dai haka ne," ya ce a hankali.

Yaya ya yi gyaran murya ya koma kallon silin. Nas ɗin ya rubuta lambarsa a bayan takardar magani, wai ko da ciwon zai ƙaru.

Washegari da safe saƙo ya shigo masa.

"Malam Shiru, na hau dandamali. Ban buɗe baki ba, jita na kaɗa, jama'a suka rera min waƙoƙina da kansu. Ni na ci ko kai?"

"Mu biyu muka ci. Ki sha ruwan ɗumi, Rigimammiyata."

Daga nan sunayen suka bi su.

Wata takwas soyayyarsu na tafiya a kan titi. Ta turo masa hoton ƙafafunta kumburarru bayan tafiyar awa tara, ya ce ta ɗora su a kan akwatin jita. Ta ba shi labarin hotal ɗin da famfonsa ke tari ba ruwa, da yadda ita da Anti, mai yi mata amshi, suke guge rigunan wasa a kan murfin sifika. Shi kuma yana ba ta labarin marasa lafiyarsa. Duk lokacin da hanya ta biyo da su kusa da garinsu, sai ya jira ta a gidan mai da fulas ɗin shayi, su samu minti ashirin kafin direba ya fara danna hon.

"Ba ka gajiya da minti ashirin-ashirin ɗin nan?" ta taɓa tambayarsa.

"Ina tarawa ne," ya ce. "In sun cika shekara sai na zo wajen Abba."

Bai jira sun cika ba. Abbanta, tsohon malamin makaranta, ya saurare shi har ƙarshe sannan ya cire tabarau.

"Yaro, 'yata ba ta ɓoye sana'arta, ni ma ba na ɓoye ta. Ba zan ba da ita gidan da za a riƙa jin kunyarta ba. Ka je ka zo min da yardar mahaifiyarka."

A nan aka samu cikas. Umma ita kaɗai ta raine shi bayan rasuwar mahaifinsa, da keken ɗinki, kuma ba mace ba ce mai kwana-kwana. Ranar da ya kai mata Tartsatsi, ta karɓe ta da fara'a, ta zuba mata lemo, sannan ta faɗi abin da ke ranta.

"'Yata, ban ƙi ki ba. Amma matar ɗana ba za ta riƙa kwana gari-gari ba. Ki ajiye makirfo, gobe ma a sa rana."

Tartsatsi ta ajiye kofin a hankali.

"Umma, ki gafarce ni. Zan iya ce miki to yanzu, bayan biki kuma na ɗauki jakata. Ba zan shigo gidanki da ƙarya ba. Waƙa ita ce aikina, mutum goma sha ɗaya ke cin abinci da ita. Ba zan bari ba."

Ta juya ta dubi wanda ya kawo ta. Kansa na ƙasa, yana murza yatsunsa. Bai ce komai ba.

A bas ta rubuta masa: "Na sa maka suna da wasa, ashe gaskiya na faɗa."

Ana cikin wannan sanyin ne Manaja ya ga dama ta samu. Shi ke shirya musu wasanni, shi ke da bas ɗin, kuma ya daɗe yana zagaye-zagayen neman soyayyarta. Ya ɗauki wani hoto da suka yi tare da Tartsatsi wajen sa hannu a kwantiragi, ya watsa a intanet da rubutu a ƙasa: "Albishir na nan tafe." Kafin azahar hoton ya kai wayar Umma ta hannun maƙwabciya.

"Abin da na gani gaskiya ne?" Nas ya rubuto.

"In har sai ka tambaya, to ka zaɓi amsar da ta yi maka."

Ba ta ƙara masa ko harafi ba. Ofishin Manaja ta nufa, Yaya na binta yana ba ta haƙuri. Ta tarar da shi yana juyi a kujera.

"Talla ce kawai," ya ce yana dariya. "Kuma in ta zama gaskiya, wa ya yi asara? Ni na san darajarki. Wancan mai auna zazzaɓin fa?"

"Ka goge hoton, ka rubuta cewa ƙarya ka yi."

"In na ƙi? Ki tuna bas tawa ce, masu hol-hol ɗin da kuke wasa a ciki kuma duk abokaina ne."

Ta zare katin shaidar kamfaninsa daga wuyanta ta ajiye masa a tebur.

"Riƙe bas ɗinka. Muryar dai a wuyana take."

Da kanta ta fito a bidiyo ta ƙaryata shi. Cikin mako guda aka soke musu wasanni biyar. Yaya ya samo wata tsohuwar bas da ƙofarta sai da igiya take rufuwa, suka ci gaba da sauran garuruwan da suka rage.

Nas ya kalli bidiyon a ɗakin hutun ma'aikata, kunya ta rufe shi. Da ya tashi aiki bai ko cire farar rigarsa ba ya durƙusa gaban Umma.

"Umma, ban taɓa yi miki musu ba, yau ma ba zan yi aure ba da yardarki ba. Amma ki sani, in ba ita ba, ba kowa. Kuma ba zan ce ta bar aikinta ba. Ke ma da aka ce ki sayar da keken ɗinki ki koma gidan kawu, ai ƙi kika yi."

Ƙafar Umma ta tsaya cak a kan keken.

"Ni kake wa gori?"

"A'a, Umma. A wajenki na koyi son mace irin wannan."

Ta daɗe tana kallonsa. Daga baya ta ce ya kira mata yarinyar. Sai a kira na huɗu Tartsatsi ta ɗaga.

"Ke, me kuke yi ne a hanyar nan da ba za a iya bari ba?" in ji Umma.

"Ba zai faɗu a waya ba, Umma. Jibi za mu biyo ta garinku. Akwai kujera. Ki zo ki gani da idonki, in kin ga abin kunya, ni da kaina zan rabu da ɗanki."

Nas ya zaci Umma za ta kashe wayar. Sai ya ji ta ce, "Ƙarfe nawa?"

Haka Umma ta hau bas ɗin mawaƙa da jakarta da dardumarta, ta kuma hana ɗanta biyo su. "Ba na son mai fassara," ta ce.

Ranar farko ba ta yi wa kowa magana ba. Ta ga yadda makaɗinsu, Mai Ganga, yake barci a tsaye riƙe da ƙarfe don ya bar mata kujera biyu. Ta ga an tsaya a gidan mai an yi salla, an raba burodi. Ta ga Tartsatsi ta ɗauki sifika a kafaɗa kamar kowa. A hotal ɗaki ɗaya aka ba su su uku da Anti, kuma Tartsatsi ce ta kwana a ƙasa.

Rana ta biyu taya ta fashe a inda babu gida babu inuwa. Awa uku suna zaune a bakin titi. Umma ta lura rigar wasan Tartsatsi ta ɓarke a hammata, an kama da fil. Ta yi tsaki, ta ciro zare da allura daga jakarta.

"Miƙo nan. Wane mugun tela ne ya yi miki wannan?"

"Ni ce, Umma."

"Ya nuna."

A rana ta uku suka isa hol ɗin da za su yi wasa da la'asar, suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai hol ya fito yana sosa ƙeya, wai an kira shi daga sama, wai janareto ya lalace. Ga jama'a sun fara taruwa riƙe da tikiti. Yaya ya zauna a kan akwati ya dafe kai.

Tartsatsi ta dubi filin ajiye motoci, ta dubi bas.

"A sauke kaya. A jona da batirin mota. A saman bas zan yi."

Mai hol ya ce filin ma nasa ne. Kafin kowa ya buɗe baki, sai ga Umma a gabansa, ta gyara mayafi.

"Kai, ɗan nan. Kwana uku ina cikin wannan akwalar, bayana kamar zai ɓalle. Yaran nan ko abincin kirki ba su ci ba. Wani ƙato yana kwance a ofis ya buga maka waya, kai kuma ka rufe wa mutane ƙofa? Kauce min, ko na tara maka matan unguwar nan."

Ya kauce.

Tartsatsi ta hau saman bas da tsani, ba takalmi, rana na dukan fuskarta. Sautin yana shaƙewa yana dawowa, amma ba wanda ya tafi. Masu shaguna suka rufe suka zo, motoci suka riƙa tsayawa. Ta rera wata waƙa kan uwar da ta raini ɗanta ita kaɗai, wadda ta rubuta tun kafin ta san Umma. Anti ta waiwaya ta hango Umma a gindin taya, tana share ido da gefen mayafi, tana kuma harare-harare kada a gan ta.

Da aka tashi, Umma ta ari wayar Tartsatsi ta ce a rubuta wa ɗanta, ita za ta faɗa.

"Ummanka ce. Ka je ka gaya wa Abbanta na yarda. Kuma ka nemi gafararta, don ranar nan ka ba ni kunya da ka bar ta ita kaɗai tana magana."

Minti ɗaya bai cika ba amsa ta zo.

"Rigimammiyata, na yi kuskure sau biyu: na yi shiru, na kuma yi zarginki. Ki yafe min. Duk garin da za ki, ki tafi da sanin akwai mai jiranki a gida, kuma yana alfahari da ke."

Ta bar shi yana jira har suka gama loda kaya, sannan ta rubuta: "Na yafe, masoyina. Amma sai ka zo ka maimaita a gaban Mai Ganga, don ya yi rantsuwa sai ya fasa maka baki."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Abba ya riƙe hannun angon ya daɗe bai saki ba. Umma ce ta ɗinka rigar amarya da hannunta, ta kuma kafa sharuɗɗa a gaban kowa: ba tafiyar da za ta wuce kwana goma, kuma duk rigar da za a hau dandamali da ita sai ta bi ta kan kekenta.

"Kwana goma sha biyu, Umma," in ji amarya daga cikin lulluɓi.

"Kun ji ta ko? Yau ma sai ta yi ciniki!"

Ɗakin ya kaure da dariya. Umma ta jawo su su biyu, ta ɗora tafin hannunta a kan kowannensu.

"Sha ɗaya, kuma na rufe magana. Allah Ya yi muku albarka. Ke, Allah Ya kai ki lafiya Ya dawo da ke lafiya duk inda kika sa gaba. Kai kuma Allah Ya ba ka haƙurin zama da ita, don wallahi za ka buƙata."

"Amin," in ji ango, da ƙarfin da ya fi na kowa.