Kiran Ƙarfe Tara

Dokar jami'ar ce, duk mai binciken da bai amsa kiran ƙarfe tara na dare ba, a tura mota nemansa. Da ita malamin duwatsu ya dogara, yana kwance shi kaɗai cikin tanti a daji da karyayyar ƙafa. Wayar oba-obarsa ta bugu, yana jin magana amma tasa ba ta fita. Shirunsa kaɗai zai cece shi.

Tara na cika, mai kula da layi ta kira: "Malam, kana nan, ko sauro ya cinye ka?"

Ƙwarin waje suka yi tsit. Sai ya ji muryarsa shi kansa, har da ɗan tarinsa, daga wayar da kuma bayan tanti:

"Lafiya lau, ƙanwata. Kada ku turo kowa."