Marin da Bai Taɓa Kunci Ba

"Ya mare ki, Auta. Da idona na gani."

"Umma, wallahi hannunsa bai taɓa ni ba..."

"To ƙarar fa? Har na bayan zaure sai da suka zabura. Ko kunnena ma ƙarya yake yi?"

Muna tsaye a kicin, ni riƙe da takalmina a hannu, ita ko mayafin da ta je kallo da shi ba ta cire ba. Ni dariya ke cina, ita kuwa idonta ya kaɗa ya yi ja.

Ga yadda aka yi. Digiri na biyu nake yi a sashen wasan kwaikwayo, bincikena kuma a kan abu ɗaya ne: yadda 'yan kallo ke jin zafin dukan da ba a yi ba. Rabin aikin rubutu ne, rabi kuma wasa ne da zan tsara in nuna a gaban masu jarrabawa. A ranar muka yi nunin gwaji na farko, ni kuma don rawar kai na gayyato Umma, wai ta ga 'yarta ba zaman banza take yi a jami'a ba.

A cikin wasan akwai miji mai saurin hannu. Ni na fito a matar. Wanda ya fito a mijin kuwa shi ne mutumin da nake so in aura.

'Yan sashenmu Mugu suke ce masa, don tun da ya zo ba a taɓa sa shi ya fito a mutumin kirki ba. Dogo ne, gira a haɗe, ga wata ɗabi'a ta karkatar da kai idan ana masa magana, sai ka ce yana auna ta inda zai cuce ka. A zahiri kuwa mutum ne da zai ɗauki kyankyaso a takarda ya kai shi waje. Idan muna tafiya kullum ta haguna yake bi, ko na zagaya sai ya sake zagayowa, har na gaji da tsokanarsa a kan haka.

To da aka zo wurin marin, ya ɗaga hannu, ji kake tas! Sai ga Umma ta miƙe a tsakiyar zaure.

"Kai! Uwarta na nan!"

Zauren ya kece da dariya. Farfesa, matar da ke duba aikina, har da cire tabarau tana share hawaye. Ni ina kwance a dandamali ina cizon leɓe, murna kamar ta kashe ni, don na san marin ya karɓu.

"Umma, duba ki gani," na ce, na ajiye takalmin. "Hannunsa ta gaban hancina yake wucewa. Ni nake juya fuska, in tafa hannuna a nan ƙasa inda ba ku gani. Ƙarar da kika ji tafina ce."

Na yi mata a gabanta. Ta kalle ni, ko gezau.

"Na ji. Hannu ƙarya ne. Idon fa?"

"Wane ido?"

"Idon da ya kalle ki da shi kafin ya ɗaga hannun." Muryarta ta yi ƙasa. "Na san idon nan, Auta. Na gan shi a fuskar mijin Yayarki ranar da na je na ɗauko ta."

Dariyar ta ɗauke min ɗif.

Yaya ta dawo gida da 'yarta a goye da haƙorin gaba a karye. Tun daga lokacin ba a tayar da zancen a gidanmu, ko da wasa.

"Ba a koyar da wannan a makaranta," in ji Umma. "Wanda ya iya shi, a wani wuri ya samo shi. Na ba da ɗaya ban duba ba, ba zan ba da ta biyu ba. Ki ce masa kada ya turo kowa."

Tun rasuwar Abba maganar Umma ce yanke a gidanmu. Mugu kuwa ya riga ya gaya wa manyansa su shirya zuwa neman aurena.

Washegari na shiga ofishin Farfesa da kumburarren ido. Ina gama ba ta labari ta dafe tebur.

"Maimaita min! Ta ce hannu ƙarya ne, ido ne gaskiya? Yarinya, kin samu 'yar kallon da kowane mai bincike ke roƙon Allah ya ba shi."

"Farfesa... aurena ne fa ke rushewa."

Ta ɗan yi tari, ta gyara tabarau. "Eh, to, wannan ma abin dubawa ne. Ki kawo ta ɗakin gwaji mana. Abin da aka gani daga kujerar kallo, a bayan labule ake warware shi."

Na sami Mugu a ɗakin gwajin yana naɗe wayoyin fitilu. Yana ganina ya washe baki.

"Daraktar zuciyata. Yaya surukata jaruma? Jiya ita ta cinye wasan."

Na gaya masa komai. Ina jiran ya yi dariya, ko ya ce shi ma zai je ya nuna mata dabarar tafin. Sai ya ajiye wayar a hankali.

"Ido ta ce?"

"Eh."

"Umma ta iya kallo," ya ce, yana duban ƙasa.

"Zan cire ka daga wasan, in sa wani. In ta ga dama ma in canja binciken gaba ɗaya. Ni dai ba zan rasa ka a kan marin ƙarya ba, masoyina..."

"Ko kin cire ni ta riga ta gani. Ki roƙe ta ta zo, sanyin idona. Sau ɗaya kawai."

Na roƙa, na yi shagwaɓa, na yi wanke-wanken da ba ranata ba. Umma ta ce ba ita ba wannan makaranta. Yaya ce ta karya ta. Tana tsefe wa 'yarta kai, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Umma, nawa mai fara'a ne a waje, kin manta? Har ke kina cewa ba ki taɓa ganin yaro mai ladabinsa ba. Wannan tunda ya ce ki zo ki duba shi, ki je mana."

Da hantsi muka iso. Ɗakin gwajinmu ba shi da abin burgewa: bango baƙi wuluk, dogon madubi mai tsaga a gefe, kujeru a jibge kan juna, da wata ƙofar katako tsaye ita kaɗai a tsakiya ba bango, wadda muke buɗewa muna rufewa a wasa. Umma ta kalli ƙofar, ta kalle ni.

"Wannan ne karatun?"

Mugu ya taso ya durƙusa har ƙasa. "Barka da zuwa, Umma. Ina kwana?"

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. An ce za ka nuna min abu."

"Eh, Umma. Amma ba ni zan yi ba. Ke za ki mare ni."

Umma ta dube shi sama da ƙasa. Sai na ga tana naɗe bakin mayafi a kafaɗa, tana zare awarwaro tana miƙo min.

"Umma, na wasa ne fa..."

"Riƙe min nan."

Gabana ya faɗi. Na san hannun nan tun ina ƙarama, kuma bai san wasa ba.

Ya nuna mata inda za ta tsaya, kan wani ɗan layi da muka manna a ƙasa. Ya ja baya taku ɗaya, ya ɗan sunkuyo don ta kai. "Ki miƙe hannu, Umma. Kin ga bai iso ni ba? To ki kawo shi da duk ƙarfinki, kada ki tausaya min."

Ba ta tausaya ba. Ta kawo hannu har mayafi na tashi. Tas! Kansa ya juya, ya yi tangal-tangal, ya bugi ƙofar katakon, ya zube a ƙasa.

"Innalillahi!" Umma ta dafe ƙirji. Sai ta kalli tafin hannunta, ta juya shi, ta sake kallo. "Auta... ban taɓa shi ba. Wallahi iska na mara."

Ya ɗago yana dariya, ya nuna mata hannayensa biyu da ya tafa.

Umma ta koma kan layin. Can ta ce, "Tashi. A sake."

Aka sake. Aka kuma sakewa. Ta ce ya faɗi ta ɗaya gefen, ya faɗi. Ta ce ita ma sai ta gwada tafin, ni in kawo marin, ta tafa tun kafin hannuna ya ɗaga. Umma da rabon da in ji ta yi dariya mai sauti tun dawowar Yaya, sai ga ta riƙe da ciki tana cewa, "Ku 'yan banzan yara ne, ashe haka kuke cutar mutane." Ni kuwa tsalle kawai nake a gefe, ina jin kamar in buɗe taga in sanar da duk jami'ar. A raina har na fara zaɓen kayan da zan sa ranar aure.

Sai ta zauna a kujera ta mayar da numfashi. Ya tsuguna a gabanta, gefen hagunsa na wajenta, yana ɗaure igiyar takalmi.

A hankali ta ce, "Saura idon."

Bai ɗago ba.

"Da kai nake. Na ce saura idon."

Ya juyo firgigit, ya karkatar da kai irin yadda ya saba. "Ki yi haƙuri, Umma. Wannan kunnen ba ya ji."

Na tsaya cak da awarwaro a hannu.

"Tun yaushe?" in ji Umma.

"Tun ina firamare." Ya haɗiye yawu. "Mahaifina yana da saurin hannu. Wata rana ya ɗaga wa mahaifiyata, na shiga tsakaninsu... a nan ya sauka. Daga ranar ta ɗauke ni muka bar gidan."

Ya ɗago ya dubi Umma.

"Gaskiyarki ce, Umma, ba a makaranta na koya ba. Idon da kika gani nasa ne. Na daɗe ina kallonsa daga ƙasa, na haddace shi. Shi ya sa in aka ce in fito a mugu ba na ƙi. Ina cewa ko akwai mai irin hannun a cikin 'yan kallo, ya ga yadda fuskarsa take kafin ya koma gida." Ya dubi layin da ke ƙasa. "Na fi ki tsoron idon nan. Ko a wasa, takun nan ɗaya da nake bari tsakanina da ita, ban taɓa rage shi ba. Ba kuma zan rage ba har in mutu."

Sai yanzu na gane karkata kan. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa yake bi ta haguna, yana miƙo min kunnen da ke ji. Ni kuwa ina ta masa tsiya a kai. Kunya ta kama ni.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?" na ce, hawaye na zuba.

Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Kunya nake ji. Kuma da irin surutunki, Darakta, kunne ɗaya ma yana shan wahala."

Umma ta miƙe. Na zaci ƙofa za ta nufa. Sai ta zagaya ta bayansa a hankali, ta tsaya ta damansa, ta sunkuyo.

"Ta nan kake ji?"

"Eh, Umma."

"To ka ji da kyau, ɗana. Ka turo manyanka. Mahaifiyarka kuma ka ce mata ina son ganinta."

Ya kifa kai a gwiwa. Ni ban san sanda na rungume Umma ta baya ba, ina kuka ina dariya, tana ta cewa in cika ta kar in karya mata ƙugu.

Aka tsayar da auren sai bayan na kammala. Ranar nunin ƙarshe zauren ya cika maƙil, masu jarrabawa a gefe da biro a hannu, Farfesa sai kai da komo take kamar ita za ta hau dandamalin. Ta tsagar labule na hango Umma a layin gaba. Yaya na damanta. A hagunta kuwa wata siririyar dattijuwa ce mai gira irin tasa, wadda ba ta taɓa yarda ta zo kallon ɗanta ba sai ranar.

Aka zo wurin. Ya ja baya takunsa ɗaya. Ya kalle ni da idon nan, ya ɗaga hannu, na tafa, na zube.

Daga inda nake kwance ina ganin layin gaba. Mahaifiyarsa ta runtse ido, ta kai hannu ta kare fuskarta. Umma ta kamo hannun, ta sauke shi a cinyarta, ta riƙe gam. Wai raɗa take yi, amma har dandamali na ji ta.

"Buɗe idonki, 'yar'uwa. Tafi ne. Ni da kaina na gwada, bai taɓa ta ba. Yaron da kika yi renonsa ba ya taɓa kowa."

Dattijuwar ta buɗe ido, ta kalli ɗanta.

A tsarin wasan, nan ne ya kamata in yi kuka. Na sha wahalar koyonsa a gaban madubi, amma a ranar ban buƙaci ko ɗaya daga cikin dabarun ba.