Surukin da Kaka Yagana Ta Tsaya wa

"Ɗan barkwanci? Na'ima, duk mazan Lafia ki rasa wanda za ki kawo min sai mai ba mutane dariya a waya!"

Na durƙusa gaban Abba ina hawaye. "Abba, wallahi Ashemi mutumin kirki ne..."

"Na ce a'a!"

"Wa ke faɗa da jikata?"

Kaka Yagana ce ta shigo tana dogara sanda. Ta haura tamanin, amma har yau babu bikin da ake ji ya cika in ba ta yi waƙa ba. Mijinta, Kaka Mala, shi ne ɗan wasan barkwancin da ya yi tashe a rediyo, kafin shanyewar jiki ta zaunar da shi.

Abba ya sassauta murya. "Inna, kin san abin da na sha. A makaranta muryar Baba ake kwaikwaya ana nuna ni. Ba na so jikokina su sha wannan."

Kaka ta zauna, ta dube shi.

"Da na haife ka, dangi suka ce waƙa ta ƙare min. Ubanka ya ce ba a isa ba! Wani biki a Doma kana ta tsala ihu, ya karɓe ka, ya goya ka da zanina a gaban jama'a. Aka fashe da dariya. Shi kuwa ya hau rawa yana jijjiga ka, har na kai ƙarshen waƙata. Mutane sun ɗauka wasa ne... reno yake yi."

Abba ya sunkuyar da kai.

"Kullum sai na gode wa Allah da bai ba ni mai jin kunyata ba. Kar ka hana yarinyar nan irin nawa."

Can Abba ya share ido, ya dube ni. "Ki ce masa ya turo manyansa."

Na rungume Kaka ina kuka, tana cewa, "Sake ni, 'yar nema, za ki karya ni!"

Ranar bikinmu ita ta yi waƙa, muryarta na rawa. Ashemi da kansa ya turo keken Kaka Mala har gabanta. Tsohon ya jawo gefen mayafinta, da ƙyar ya haɗa maganar.

"Yagana... kin kauce wa kiɗa."

"Tun ina amarya kake faɗin haka," ta ce, ta riƙe hannunsa ta ci gaba.