Yumɓu Mai Shuɗin Ciki

Da hantsi aka kawo wa Sufeto rahoto: an tsinci gawar wani mai lambu tsakanin kunyoyin tumatir, tafin hannunsa duk ƙurar maganin ƙwari. Likita ya tabbatar guba ce.

Shekara talatin Sufeto yana kan ƙa'ida guda, wadda ya gada daga magabatansa: a fara da abin da mamaci ya taɓa a ƙarshe. Ya nufi masana'antar maganin. Mai ita, wata Malama masaniyar noma, ta tarbe shi.

"Yallaɓai, gasasshen yumɓu ne mai ƙananan kafofi. Da man darbejiya muke jiƙa shi, ya riƙa sakinsa sannu a hankali a gindin shuka. Ba ya cutar da mutum."

"Ga shi ya kashe. Idan ban sami wani ba, ke za ki gurfana gaban alƙali."

Sufeto ya duba randar jiƙo, man tsantsa ne. Ya ɗauki ƙwayar yumɓu ɗaya ya fasa da gindin biro. Bayanta rawaya, cikinta shuɗi.

"Me yumɓu ke ɓoyewa a tsakiyarsa?"

"Abin da ya fara sha."

"Kafin jiƙo, a hannun wa yake?"

"Kawuna. Shi ke gashi."

Suka tarar da dattijon yana zuga wuta.

"Ɗana, daga murhu sai randa. Ko ruwa ba na bari ya taɓa shi."

Sufeto ya ciro wata safar hannu ta roba daga bayan itace, yatsunta sun rine shuɗi.

"Baba, ban taɓa ganin mai aikin wuta da safar roba ba."

Dattijon ya sulale ya zauna.

"Dariya manoma ke yi mata, wai kafin maganinta ya ci, ƙwaro ya mutu da tsufa. 'Yar ƙanwata ce, ni na raine ta. Na tsoma yumɓun a shuɗiyar gubar kanti don su ga aiki. Wallahi ƙwari na nufa."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa. Malama ta tare ƙofa.

"Kawu, buhu nawa ka tsoma?"

"Arba'in."

"Ɗaya muka samu," in ji Sufeto.

Ta fizgi makullin mota ta fita a guje don karɓo sauran daga hannun manoma.