Mai Sare Ƙayar Turbar Kornaka

Tun da Nasara suka tafi da ƙanensa Sha'ibu aikin dole, Agali ke sare ƙayar turbar Dakoro zuwa Kornaka. Ba wanda ya sa shi. Cewa yake, kada yaron ya dawo ya tarar hanya ta ɓace.

Ran nan duhu ya riske shi yana jan reshen aduwa, sai ya ji nauyin ya ragu. Ashe wani ne ya kama ɗaya gefen, yana taka ƙaya ba takalmi, ko tsaki bai yi ba. Warin ɗanyar ƙasa yake, ga shi tsakiyar rani.

"Sannu, bawan Allah. Daga ina?"

"Yaya, aje gatarin haka nan," in ji mutumin. "Kullum nan nake bi. Gidan ne ba ni iya shiga."