Ƙullutun Wuyan Gwanki

"Kare za ni ɗora bisa moto in ratsa tsakiyar Dakoro da shi? Naja'atu, kina jin bakinki kuwa?"

Naja'atu ba ta ɗago ta dubi mijinta ba. Tana durƙushe gindin itacen bedi a bayan ɗaki, tana taɓa ƙullutun da ya fito wa karenta Gwanki a wuya, ƙasan kunne. Wata biyu da suka wuce bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Yau ya kai ƙwan zabo.

"Na kira likitar dabbobi," ta ce. "Ta ce ba ta iya sanin ko mi ne sai ta gani da idonta. Wataƙila a cire, wataƙila a bar shi. Dubawa kawai za ta yi."

"Dubawa kawai... Ni Mushe Abdurrazak, malamin makaranta, da iyayen yara ke durƙusa mini bisa hanya, a gan ni rungume da kare kamar jinjiri? Da wace fuska za ni shiga lakwal?"

"To ka bar ni in ja shi da igiya, in tahi da ƙafata."

"Matata ba ta jan kare cikin gari. Ban yarda ba."

Sai lokacin ta juyo ta dube shi. Wannan dai shi ne mutumin da shekara biyu baya yake cin yashin hanyar Bader Goula kowace Lahadi don ya gan ta, da ƙashin balangu ƙunshe a takarda saboda Gwanki ya bar shi ya kusanci tabarmar zance. Ranar da ta ce masa ba za ta yi aure ta bar karen babanta ba, dariya ya yi har da dafa ƙirji. "Ko zaki kika taho da shi, hasken idona, ɗaki zan gina mishi." Bakin saurayi ke nan, ya fi zuma zaƙi, ya kuma fi raɓa saurin bushewa.

Daga tsakar gida aka yi gyaran murya. Inna Suwaiba ce, uwar mijin, wadda ta taso daga Sabon Maci da sunan jinyar ƙafa ta sati biyu, ga shi tana wata na bakwai a gidan. Tun ranar da ta ga kare a gidan ɗanta ta kafa doka: duk kwanon da Gwanki ya sansana, sai Naja'atu ta wanke shi sau bakwai, na farko da ƙasa. Kuma ba ta yarda da ƙirgen kowa. Kujera take jawowa ta zauna ta ƙirga da kanta, da ƙarfi, don maƙwabta su ji.

"Ikon Allah," in ji Inna. "Ni ga ni nan da ƙafa kamar turmi, ba wanda ya kwana da tunanina. Kare ya yi ƙurji, gida ya hana kowa shan ruwa."

"Inna, sau uku ina kai ki likita," in ji Naja'atu.

"Ba da ke nike ba, ɗiyar makiyaya. Da ɗana nike." Ta juya wajen Abdurrazak. "Kai kuma ka tsaya kana ja-in-ja da mace? Ga Kalla nan bakin kasuwar dabbobi. Raƙumi nawa ya yi wa sakiya sunka tashi? Ƙarfe ɗaya zai sa a wuta, ya huda, mugunya ta fita, a huta. Ba wanda zai gani, ba wanda zai ji."

Hannun Naja'atu ya tsaya cak a wuyan karen.

Babanta, Malam Idrisa, irin wannan ƙullutun ya fito masa a wuya. An yi an yi ya tafi Maradi a duba, ya ce wa zai bar wa shanu. Aka kira mai sakiya. Ita, 'yar shekara goma sha tara, ita aka sa ta hura wutar har ƙarfen ya yi ja. Da aka huda ba mugunya ce ta fito ba. Ciwon ya buɗe ya ƙi rufewa, kwana arba'in da uku aka kai shi makwancinsa. Kawunnai suka raba shanun, suka bar mata abin da ba mai so: dogon kare ja mai siraran ƙafafu, wanda ya yi sati yana kwana bakin kabarin. Duk wannan ta faɗa wa Abdurrazak kafin aure, tana kuka, yana share mata hawaye da hannun rigarsa.

Shi ta tsare da ido yanzu. Jira take ya ce wa uwarsa a'a.

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin moto, babur ɗinsa.

"Ka ji abin da ta ce, kuma ka yi shuru?"

"Naja... Inna ce fa."

"Na san Inna ce. Kai nike tambaya." Ba ta yi ƙasa da murya ba. "Ran Litinin za ni kai shi, da izininka ko babu. Kuma wallahi duk ranar da ƙarfe ya taɓa wuyan karen nan, ka nemi wata matar."

"A kan kare za ki rantse mini da aurena?"

"A kan ubana."

Kwana uku ba ta yi masa magana ba sai abin da ya zama dole. Ta aje tuwo, ta kwashe kwano. Shi ma ya ɗaure fuska kamar yana gaban aji. Abin haushin, tana sonsa har yanzu. Da safe in yana gyara hula gaban madubi sai ta ji zuciyarta ta karkata, sai ta tuna yadda ya sunkuyar da kai, ta koma ta taurare.

Ranar Juma'a da safe aka yi suna a layinsu. Ga mamakinta, shi da kansa ya ce ta je, har da cewa kada ta yi gaggawar dawowa. Ta ɗauka neman sulhu ne. Har murmushi ta yi masa a bakin ƙofa, murmushin da daga baya ta daɗe tana jin haushin kanta a kansa.

Wajen sha ɗaya ta dawo. Tun daga zaure ta ji warin: gashi da nama sun ƙone. Hancinta bai manta ba. Ta yar da ƙullin goron suna ta ruga bayan ɗaki.

Gwanki na kwance, ƙafafunsa ɗaure da igiyar raƙumi. Garwashi na hayaƙi a kasko. Wani dattijo mai rawani, Kalla ke nan, ya danna tsumma a wuyan karen, tsumman ya jiƙe jawur, jini na bin yatsunsa yana sauka cikin yashi. Abdurrazak na tsaye da farar shaddarsa ta masallaci, ya yi tsuru-tsuru.

"Ya fizge ne," in ji Kalla, yana kauce wa idonta. "Raƙumi in an danne shi shina tsayawa. Wanga ya fizge, ƙarfen ya zarce. Kuma ba mugunya ciki, ko ɗigo."

"Naja, saurara, so na yi in raba gardama. Na ce in anka yi kafin Litinin, ke kin huta, Inna ta huta..."

"Ka aike ni suna."

"Don kada ki gani ranki ya ɓaci..."

"Ka san wa ya hura wutar babana. Kai kaɗai na gaya wa a duniya." Ta durƙusa tana kwance igiyar. "Ta yau wa ya hura? Kai?"

Ya kau da kai daga kaskon. Shi ne ya hura.

Ta yi ƙoƙarin ɗaga karen, ya fi ƙarfinta. Ta sake gwadawa, ta zame a kan gwiwa. Gwanki ya buɗe ido ya lashi bayan hannunta.

Sai ta ga farin hannun riga ya shiga ƙarƙashin karen. Abdurrazak ya ɗaga shi cak ya rungume a ƙirji.

"Razaƙu!" Inna ta taso tana ɗingishi. "Da kayan Juma'a? Aje ƙazantar nan!"

"Matsa, Inna."

Bai taɓa faɗa mata haka ba tun da ta haife shi. Ta matsa.

Ba halin hawa moto, dole wani ya danne raunin. Da ƙafa suka tafi, shi ɗauke da kare, ita a gefensa ta danna mayafinta a wuyan. Suka bi ta gaban masu shayi, ta gaban teloli, ta tsakiyar masu shirin masallaci. Hira ta tsaya. Wani ya ce, "Kai, ba Mushe ba ne wancan?" Wani ya yi dariya. Shaddar ta rine tun daga wuya har gwiwa, hular ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Hanyar da ya ƙi bi ranar da za ta yi amfani, ga shi yana binta a guje, garin duka na kallo.

Likitar dabbobin na shirin kulle ƙofa suka iso. Ta sa aka kwantar da shi bisa teburi, ta yi allura, ta danne, ta nemi jijiyar ta ɗaure. Ta jima a kansa. Daga baya ta cire safar hannu a hankali.

"Jinin da ya zubar ya yi yawa, Madam. Ki yi haƙuri."

Naja'atu ta ɗora tafinta a haƙarƙarin Gwanki. Ba motsi.

"Ƙullutun fa?" Abdurrazak ya tambaya. "Da ma zai kashe shi, ko?"

Naja'atu ta san abin da yake roƙo a ce masa. Likitar ta dube shi, ba ta tausaya ba.

"Kitse ne, Mushe. Ga shi, duba. Da kun kawo shi, ko cirewa ba lalle in yi ba. Da abinshi zai tsufa."

Ba ta yi kuka a can ba. Ta riga shi komawa gida, ta jawo jakarta ta zuba kaya, ta aje bakin ƙofar ɗaki. Motar Bader Goula sai la'asar.

Tana zaune ta ji ƙarar diga a bayan ɗaki. Ta leƙa. Abdurrazak ne ke haƙa gindin bedi, cikin ranar azahar, da shaddar da ta bushe da jini. An yi kiran salla, an idar, bai je ba.

"Kare ake yi wa kabari cikin gida?" in ji Inna daga inuwa. "Juji ake kai su, tun kaka da kakanni."

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya naɗe Gwanki cikin mayafin Naja'atu, ya saka shi, ya mayar da ƙasa da hannunsa. Ya zo ya zauna bakin rariya, tafukansa sun yi bororo sun fashe, jini da ƙasa sun cakuɗe. Ya dubi jakar da ke bakin ƙofa, ya dubi matarsa.

"Ba ni da bakin ce miki ki zauna, Naja. Kin rantse, kuma kin yi gaskiya. Kunyar mutane na ji, ban ji taki ba..."

Inna ta turo buta da ƙafa. "To a wanke hannun dai. Sau bakwai, na farko da ƙasa." Ta jawo kujerarta za ta ƙirga.

Naja'atu ta miƙe. Ta wuce jakar, ta ɗauki butar, ta durƙusa gabansa. Haushinsa na nan a ƙirjinta kamar garwashi, kuma ta san zai daɗe bai huce ba. Amma hannun nan su suka ɗauki karen babanta suka ratsa gari da shi.

Ta zuba ruwa a hankali, tana cire ƙasar daga cikin bororon.

"Ɗaya," in ji Inna.

Naja'atu ta aje butar. Ta kama hannayen biyu da laimarsu, ta kifa fuskarta a ciki, kukan da ta riƙe tun ofishin likita ya ƙwace mata. Shi ma kafaɗunsa suka fara rawa.

Inna ta jira na biyu har ta gaji. Da la'asar motar Bader Goula ta tashi ba Naja'atu.